Hanyar G50 da Gadojin Katako na Gundumar Madison

Idan mutum ya bar Des Moines, babban birnin jihar Iowa da ke tsakiyar Amurka, ya miƙe kudu a kan tagwayen hanya mai lamba 35, kafin ya cika awa guda zai ga allon da ke nuna kwanar wani ɗan gari mai suna St. Charles. Yana saukowa daga babbar hanyar, rugugin tireloli zai yanke, ya tsinci kansa a kan wata siririyar kwalta da ake kira G50. Hanyar nan ba ta gwamnatin tarayya ba ce, ba kuma ta jiha ba. Daga St. Charles zuwa yamma ta gundumar Madison ce, ɗaya daga cikin gundumomi 99 na Iowa, kuma majalisar gundumar ce ke da alhakin yi mata faci, yashe kwalbatocinta da kwashe dusar ƙanƙara daga kanta idan hunturu ya kama.

A watan Oktoba na bi ta, ana tsakiyar kaka. Dama da hagu masara ce ta bushe a tsaye, sai filayen waken soya da aka riga aka girbe, sai rumbunan ƙarfe suna ƙyalli a bayan gidajen manoma. Ɗan yayata da ke karatun aikin gona a jihar shi ke tuƙi. Da muka ɗauki hanya ya dube ni ya ce, "Kawu, kowa ya zo ƙasar nan dogayen benaye yake so a kai shi ya gani. Kai kuma ka ce sai tsofaffin gadojin ƙauye?" Na ce masa bene mai kuɗi ke gina shi, amma gadar ƙauye sai jama'a sun zauna sun yarda cewa buƙatarsu ɗaya ce. Wanda ke son sanin halin mutanen wuri, ya duba abin da suka haɗu suka yi, ya kuma duba yadda suka riƙe shi.

Kafin a shata wata hanya a nan, ƙasar ta ƙabilun Sauk da Meskwaki ce. A yarjejeniyar 1842 aka karɓe musu tsakiyar Iowa, aka ba su wa'adin tashi zuwa 1845. A 1846, shekarar da Iowa ta zama jiha, aka yanka wannan gunduma aka sa mata sunan James Madison, shugaban Amurka na huɗu, baƙi manoma kuma suka fara kwararowa da iyalansu da amalanken dawaki. Bai kamata matafiyi ya manta da wannan ba yayin da yake sha'awar gonakin: akwai waɗanda aka tasa kafin a ja garma. Wasu daga cikin Meskwaki ba su haƙura ba. Sun dawo a 1857 suka sayi fili da kuɗinsu a gundumar Tama, kuma jikokinsu suna can har yau.

Baƙin sun tarar da ƙasar an riga an auna ta a takarda. Tun 1785 dokar Amurka ta tsara a riƙa yanka sababbin yankuna gida-gida, kowane yanki mil ɗaya tsawo mil ɗaya faɗi, wato eka 640, hanyoyi kuma su bi iyakokin yankunan. Shi ya sa a yawancin Iowa za ka ga hanya ta miƙe sak, duk bayan mil ɗaya wata ta gitta ta. Sai dai kogi bai san zanen ma'auni ba. Kogin North da kogin Middle sun ratsa gundumar Madison suna lanƙwasa tsakanin tuddan farin dutse, suna gangarawa gabas zuwa kogin Des Moines, wanda shi kuma ke zubawa a Misisipi. Duk inda hanya ta kusanci ɗayansu dole ta saki layinta, ta bi gindin tudu, ta nemi inda gaɓa ta fi sauƙi. Tarihin hanyoyin gundumar kusan dukkansa a waɗannan maƙetaru yake.

Baƙar ƙasar Iowa tana cikin mafi albarka a duniya, amma albarkar nan ita ce kuma wahalar matafiyi. Idan ƙanƙara ta narke wajen Maris da Afrilu, aka kuma yi ruwa a kai, hanya takan koma taɓo mai kama ƙafar amalanke har gatari, koguna su cika su batse. Manomi yana da alkama da masara a rumbu, yana da aladu da shanun sayarwa, amma injin niƙa da kasuwa suna ƙetaren ruwa. Mara lafiya yana kwance, likita yana tsallake. A wancan zamani gunduma ba ta da kuɗin ɗaukar ma'aikatan hanya, don haka doka ta ɗora wa kowane namiji mai ƙarfi ya ba da 'yan kwanaki a shekara yana aikin hanyar yankinsu a madadin wani ɓangare na haraji. Da shebur da gatari da dawakin manoma aka fara yin hanyoyin da motarmu ke gudu a kansu.

Gadar farko da muka tsaya a kanta tana bakin garin St. Charles, sunanta Imes. An gina ta a 1870, tsawonta ƙafa 81, kuma babu wadda ta girme ta a cikin waɗanda suka rage. Daga nesa sai ka ɗauka dogon ɗaki ne ja mai ƙofa biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, da farin fenti a bakin kowace ƙofa. Ba a nan aka fara kafa ta ba. A kan kogin Middle take kusa da Patterson, a 1887 aka ɗauke ta aka kai ta kan wani rafi, a 1977 kuma aka kawo ta inda take yanzu. Na shiga ciki, na tsaya har idona ya saba da duhun, sannan na ga abin da ya kawo ni.

Bangon kowane gefe saƙa ce ta katakai. An jera faffaɗan katako a karkace, wasu sun kwanta dama wasu hagu, suna gittar juna tun daga wannan baki har wancan, an ɗaure su da dogayen katakai sama da ƙasa. Wannan saƙar ita ce gadar. Ita ke ɗauke da nauyi ta rarraba shi zuwa gaɓa biyu ba tare da ginshiƙi a tsakiyar ruwa ba. Wani mai zanen gine-gine ɗan jihar Connecticut, Ithiel Town, shi ya yi wa dabarar rajista a 1820. Abin da ya sa ta bazu a ƙauyukan Amurka shi ne sauƙinta: ba ta buƙatar manyan gungume, ba ta buƙatar injiniya daga birni. Kafintan gari da zarto da abin huda katako, tare da 'yan ma'aikata, sun isa.

To, me ya kawo rufi da bango a kan gada? Ba ado ba ne, kuma ba don matafiyi ya fake wa ruwa aka yi ba, ko da yake ya fake ɗin. Lissafi ne. Katakon da ruwa ke duka, rana ta busar, ƙanƙara ta shiga tsagarsa ta buɗe, ba ya wuce shekara goma zuwa ashirin sai ya ruɓe, kuma daga mahaɗa yake fara ruɓewa, inda ƙarfin gadar yake. Majalisar gundumar Madison ta duba ta ga cewa manyan katakan da ke ɗauke da gada sun fi tsada nesa ba kusa ba a kan siraran allunan bango da rufi. Sai ta ba da umarni a riƙa rufe gadojin, domin a bar ruwa ya ci mai araha, mai tsadar ya tsira. Idan allon bango ya lalace, a ɓamɓare shi a buga sabo. Da wannan shawara gadar da za ta yi shekara goma sha biyar ta haura shekara 150. Rigakafi ya fi magani, kowa ya iya faɗa. Mutanen nan sun sa shi a kasafin kuɗi.

Daga St. Charles hanyar ta nufi yamma tana hawa tana sauka. Kafin mu isa Winterset muka saki kwalta muka hau burji, farar ƙura ta tashi a bayanmu, muka gangara kwarin kogin Middle. A nan gadar Holliwell take, wadda ta fi duk sauran tsawo, ƙafa 122, an gina ta a 1880, kuma tana nan a inda aka kafa ta tun farko. Saboda faɗin kogin, maginan sun ƙara wa saƙar katakon wani lanƙwasasshen baka a kowane gefe don ya taya ta ɗaukar nauyi. Rufinta ba mai tozo ba ne kamar na Imes, kusan a shimfiɗe yake, kuma wannan salon shi ne tambarin wani magini ɗan yankin mai suna Jones da abokan aikinsa, waɗanda suka gina yawancin gadojin da suka rage. Sunan gadar kuwa, kamar yawancin 'yan uwanta, na iyalin da gonarsu ta fi kusa da wurin ne. Ba a sa mata sunan gwamna ko sanata ba.

Na sauka gaɓa na leƙa ƙarƙashinta. A kaka ruwan kaɗan ne, yana tafiya a hankali a kan duwatsu, amma tarkacen itatuwan da ambaliya ta rataye a rassan bishiyoyin bakin kogin, sama da tsayin mutum, sun isa shaida kan abin da kogin yake yi idan ya tashi. A gefe ga sabuwar gadar kankare da motoci ke bi yanzu. An gyara Holliwell a 1995, amma ƙafa kaɗai ke taka ta. A cikinta bango ya cika da sunayen baƙi, wasu da biro wasu da wuƙa. Ɗan yayata ya shafa wani katako ya ce, "Kawu, dubi sawun zarto, har yanzu bai goge ba." Haka ne. Hannun da ya yanka shi ya daɗe a ƙasa, aikin kuwa yana tsaye.

Winterset, hedikwatar gundumar, gari ne na mutum dubu biyar da 'yan kai. An kafa shi a 1849. A tsakiyarsa akwai ginin kotu da ofisoshin gunduma mai ƙubba, wanda aka gina da farin dutsen yankin a 1876 bayan gobara ta cinye na gabansa, shaguna kuma sun kewaye shi ta fuska huɗu. Nan ne duk hanyoyin ƙauyukan suke nufa, nan ake biyan haraji, nan ake yanke shawarar inda za a kafa gada. A garin aka haifi tauraron finafinan kaboyi John Wayne a 1907, kuma gidan da aka haife shi yana nan ana ziyarta. Ni dai wanda ya fi jan hankalina shi ne George Washington Carver, baƙar fatan da aka haifa cikin bauta, wanda ya zauna a Winterset a ƙarshen shekarun 1880 yana aikin girki a otal. Wasu mutanen garin suka ga hazaƙarsa suka ƙarfafa masa gwiwa, ya shiga kwalejin Simpson da ke Indianola a 1890, ya wuce kwalejin aikin gona ta Ames, daga baya ya zama masanin da duniya ta sani a kan gyaɗa da dankali da farfaɗo da ƙasar noma. Akwai ɗan lambu da aka keɓe don tunawa da shi kusa da tsakiyar gari.

A lambun shaƙatawa na garin aka ajiye gadar Cutler-Donahoe, mai ƙafa 79, wadda Eli Cox ya gina a 1870 a kan kogin North kusa da Bevington. Iyalai biyu ne kowanne ya ce gadar tasa ce, sai aka haɗa mata sunayen biyu. A 1970 aka ɗauko ta aka kawo ta nan don kada ta salwanta. Ganinta ya tuna mini da gadar Lugard, wadda aka gina a Zungeru a 1904 aka kai ta Kaduna a 1954. Ɗauke gada daga koginta yana ceton jikinta, amma yana raba ta da dalilinta. Wanda ya gan ta a lambu zai yaba aikin kafinta. Wanda ya ga Holliwell a kan ruwa shi zai gane tsoron da ya sa aka yi aikin.

Domin mu ga yadda ake ƙetarewa kafin gada, muka yi kudu maso yamma zuwa gandun Pammel. A can har yau akwai mashigi inda hanya ke shiga cikin kogin Middle kai tsaye, mota ta keta ruwa ta fita ɗaya gefen, idan kuwa kogin ya cika sai a rufe wurin. Kusa da shi akwai wani dogon tudun dutse da kogin ke zagayewa. A 1858 William Harmon da 'ya'yansa suka huda tudun don su jawo ruwa ya juya musu injin niƙa da yankan katako. Bayan injin ya daina aiki, aka faɗaɗa ramin a 1925 ya zama hanyar mota, kuma ita kaɗai ce hanyar mota da ta ratsa ta cikin dutse a duk Iowa. A ɗan wannan wuri mutum zai ga mashigi, gurbin injin niƙa da hanya, abubuwa ukun da suka haifi gadojin.

Gaba kaɗan, bayan tafiya a kan burji tsakanin gonaki, sai gadar Roseman, mai ƙafa 107, ta 1883. Ita ce ta fi suna, kuma a nan muka tarar da motocin baƙi masu lambobin jihohi daban-daban. Dalili shi ne littafin ƙagaggen labari na Robert James Waller, The Bridges of Madison County, wanda ya fito a 1992 aka sayi miliyoyinsa, da fim ɗin da Clint Eastwood ya yi a kansa a 1995 tare da Meryl Streep. Labarin soyayya ne tsakanin wani mai ɗaukar hoto da matar wani manomi 'yar asalin Italiya, kuma ba kowane mai karatu ne zai yarda da inda labarin ya dosa ba. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, ba littafin ne ya ceci gadojin ba. Mutanen gundumar sun fara bikin gadoji na shekara-shekara a watan Oktoba tun 1970, an kuma shigar da gadojin cikin kundin wuraren tarihi na ƙasa a shekarun 1970, tun marubucin bai zo ba. Ya tarar da abin da aka riga aka tattala ne, ya kai sunansa duniya.

Suna kuma yana zuwa da nasa sharrin. Gadoji masu rufi 19 aka gina a gundumar, shida suka rage. Wasu ambaliya ta tafi da su, wasu aka rushe lokacin da ƙarfe da kankare suka karɓi aikin katako, amma na baya-bayan nan wuta ce ta ci su, kuma da gangan. An ƙone gadar McBride a 1983. Gadar Cedar da ke arewa da Winterset, ta 1883, mai ƙafa 76, wadda ita kaɗai ta rage mota ke bi ta cikinta, an cinna mata wuta a watan Satumban 2002. Jama'a suka sake gina ta a kan tsohon fasalinta, aka buɗe a 2004. A watan Afrilun 2017 aka sake ƙone ta. Suka sake tara kuɗi, da gudunmawar mutane da tallafin hukuma, aka buɗe ta uku a 2019. Da muka bi ta cikinta da mota, katako na amsawa a ƙarƙashin taya, na ji girman mutanen nan ya ƙaru a idona. Babu buhun masara ko ɗaya da zai kwana a gona don babu gadar Cedar, akwai wasu hanyoyin. Sun gina ta ne don sun ƙi yarda mai ashana ya zama shi ke da magana ta ƙarshe a kan abin da kakanninsu suka bari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, su kuwa sau biyu suna haɗa hannu suna ɗaga wannan.

Ta ƙarshe ita ce Hogback, mai ƙafa 97, a kan kogin North, a wani kwari da babu kowa sai gonaki da tudun dutsen da ta ci sunansa. An gina ta a 1884, daidai lokacin da zamanin katako ke ƙarewa, gadojin ƙarfe na kamfanoni suna shigowa. Daga nan abubuwa suka yi ta sauyawa: Iowa ta kafa hukumar hanyoyi a 1904, mota ta zo, aka zuba tsakuwa, aka shimfiɗa kwalta, aikin hanya ya tashi daga hannun manomi da sheburinsa ya koma hannun injiniyan gunduma. A duk Amurka, inda aka taɓa gina dubban gadoji masu rufi, waɗanda suka rage ba su kai 1,000 ba.

A hanyarmu ta komawa ɗan yayata ya nuna mini abin da baƙi ba sa tsayawa dubawa: wata ƙaramar gadar ƙarfe mai tsatsa a kan rafi, da allo a bakinta an rubuta iyakar nauyin da za ta iya ɗauka. Ya ce, "Kawu, waɗannan su ne damuwar manoma yanzu. Injin girbi da motar kwasar hatsi sun fi ƙarfinsu, sai mutum ya yi zagaye mai nisa kafin ya kai gonarsa ta tsallake." Gaskiya ya faɗa. Iowa tana da gadoji fiye da 20,000, kuma ta daɗe tana kan gaba a jihohin Amurka wajen yawan waɗanda masu bincike suka ce sun lalace, akasarinsu a kan hanyoyin gunduma irin waɗanda muka bi. Ƙauyuka suna raguwa, masu biyan haraji suna ƙaranci, kayan aikin gona suna ƙara nauyi. Shida masu jan fenti suna samun gata. Dubban da ke aikin yau da kullum suna layin jiran gyara.

Wannan ne ya hana ni ɗaukar tafiyar a matsayin yawon kallon kayan tarihi. Tambayar da majalisar Madison ta amsa a wancan zamani ba ta tsufa ba, a Iowa ko a wani wuri: za a kashe kaɗan yau a kare abin da aka gina, ko za a jira ya faɗi a kashe mai yawa? Mu da kowace damina muke jin labarin gada ta karye, ƙauyuka sun yanke daga kasuwa da asibiti, mun san amsar da aka fi bayarwa, mun kuma san wanda ke biyan kuɗinta: mai naƙuda a bayan babur, da manomin da tumatirinsa ya ruɓe a bakin rafi. Gina gada aikin shekara ɗaya ne, ana yin bikin buɗewa a watse. Riƙe ta aikin kowace shekara ne, babu kiɗa babu jawabi: a yashe magudana kafin ruwan fari, a cike inda ruwa ya fara zaizaye gindi, a shafa fenti kafin tsatsa ta kama, a san shekarar da aka gina ta da nauyin da za ta iya. Duk shugaban ƙaramar hukumar da ya ware wa wannan aiki kuɗi a kasafinsa, ya kuma tsaya aka yi shi, ya yi wa jama'arsa abin da jikokinsu za su taka su wuce lafiya.